NANA ASMA'U ƊIYAR SHEHU USMANU, MALAMAR DA TA HORAR DA MASU KOYARWA (1208–1280 H / 1793–1864 M)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ɗaukaka ilimi da ma'abotansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi maza da mata, a wanga karo filinmu na tarihin magabata zai tsaya a kan rayuwar wata baiwar Allah, malama, mahaddaciyar Alƙur'ani, marubuciya, wato Nana Asma'u ɗiyar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su da rahama. Dalilin zaɓen ta shi ne wata tambaya da ke gaban kowane magidanci a Ƙonni, da Malbaza, da Illela, da sauran garuruwan jahar Tawa: yaro ƙarami, tun daga goyo har ya kai shekara bakwai, a hannun wa yake karatu, kuma shi wanda yake karantar da shi ɗin wa ya karantar da shi? Manyan ƙasashen duniya sun yi taruka a kan wagga tambaya, sun kashe dukiya mai yawa. Nana Asma'u kuwa ta amsa ta a aikace, nan kusa da mu, yau fiye da shekara 180.

ASALINTA

Nana Asma'u ba baƙuwa ba ce ga mutanen wanga yanki. Kakanninta Toronkawa ne, Fulani malamai da suka taso daga Futa Toro ƙarƙashin jagorancin Musa Jakollo, suka sauka ƙasar Ƙonni, suka zauna cikinta zuriya bayan zuriya suna karatu da karantarwa. Daga baya gidansu ya koma Maratta, kusa da Galmi, cikin yankin Malbaza na yau, kuma a nan aka haifi mahaifinta Shehu Usmanu a shekara ta 1168 bayan Hijira, daidai da 1754 Miladiyya. Daga Maratta iyalin suka ƙaura zuwa Ɗegel, kudu da Ƙonni, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani. Shehu ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, ya yi karatu gaban baffanninsa da kawunnansa, sa'an nan ya bi babban malaminsa Shehu Jibrilu ɗan Umaru har Agadas.

Abin lura a tarihin wanga gida shi ne ilimi bai tsaya ga maza kaɗai ba. Mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya, an san su da ilimi. Da Shehu ya fara yawon wa'azi, mata suna halartar majalisinsa a wuri keɓantacce. Lokacin da yake ƙasar Zamfara wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki wanga lamari cikin baitoci, sai Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi da ya mayar da jawabi. Ma'anar jawabin ita ce barin mata cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu ya fi muni nesa da abin da mai sukar yake jin tsoro. Shehu da kansa, cikin littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke tara ɗalibai a zaure domin neman suna, alhali matansu da ɗiyansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin tsarki da salla da azumi ba.

HAIHUWARTA DA KARATUNTA NA FARI

An haife ta a Ɗegel a shekara ta 1208 H (1793 M). Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da an kira ta da sunan ƴan biyu, amma mahaifinta ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar Siddiƙu (R.A.), wadda ta yi hidima ga Manzon Allah (S.A.W.) da mahaifinta lokacin Hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai, sai renonta ya koma hannun sauran matan Shehu, musamman A'isha, da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Ke nan ita kanta marainiya ce ta wajen uwa, kuma makarantarta ta fari ita ce ɗakunan waɗanga bayin Allah mata, masu ibada da zikiri da sanin addini. Abin da ta samu a hannunsu kafin ta iya riƙe alƙalami, shi ne daga baya ta so kowane yaro na ƙauye ya samu a hannun uwarsa.

Ta fara da allo kamar yadda ɗiyanmu suke farawa har yau: babbaƙu, sa'an nan farfaru, sa'an nan haɗa baƙi, ana rubutawa ana wankewa, sura bayan sura, har ta haddace Alƙur'ani mai girma. Daga nan ta shiga karatun littattafai na tauhidi, da fiƙihun mazhabar Imamu Malik, da nahawu, da tarihin Annabi (S.A.W.), da tasawwufi bisa tafarkin Ƙadiriyya wanda mahaifinta yake a kai. Ta iya Larabci, da Fulatanci harshen gidansu, da Hausa harshen jama'a, da Tamajak harshen Abzinawa. Ɗegel a lokacin gari ne na ɗalibai, littattafai suna zuwa daga Agadas da Tumbutu da Masar ana kwafe su da hannu, kuma ƴaƴan gidan Shehu, maza da mata, cikin wanga yanayi suka buɗe ido.

HIJIRA DA SHEKARUN WAHALA

Tana da kimanin shekara 11 saɓani ya tsananta tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Zulƙida na 1218 H (Fabrairu 1804) jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Cikin waɗanda suka taimaka har da wani malami Ba'abzine mai suna Agali, wanda ya kawo raƙuma, kuma cikin kayan da aka fi kulawa da su a tafiyar akwai gafakokin littattafan Shehu. Yarinyar ta ga wanga abu da idonta: mutane sun bar gidaje da rumbuna, amma ba su bar littattafai ba.

Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da cuta. An yi Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804. Ƙarshen shekarar aka yi Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. A 1805 aka yi Alwasa, jama'a suka sha wuya ƙwarai a Gwandu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Duk waɗanga wurare Asma'u ta bi ayarin jama'a cikin mata da yara, ta ga zawarawa da marayu, ta ga yadda yaƙi ke cinye malamai cikin yini guda alhali tarbiyyar malami guda tana cin shekara ashirin. Daga baya ta tsara labarin wagga tafiya cikin waƙa da Fulatanci, ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa, ita ce aka sani da Waƙar Gewaye.

AURENTA DA RUBUCE-RUBUCENTA

Wajen shekara ta 1807 aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya zama wazirinsa bayan rasuwar Shehu a Sakkwato a 1232 H (Afrilu 1817). Allah Ya ba su ɗiya maza, cikinsu akwai Abdulƙadir wanda ya gaji wazirci a 1842. A nan akwai abin da ya kamata magidanta su tsaya su duba. Aure bai yanke karatun Asma'u ba, haihuwa da reno ba su yanke shi ba. Littafinta na fari da aka sani, Tanbihul Gafilina, a kan kyawawan halaye da hanyoyin tsira, ta rubuta shi da Larabci a 1235 H (1820 M), tana da shekara 27, tana matar waziri, da yara a gabanta, da baƙi a gidanta ba dare ba rana. A gidan nan ne ma Baturen Ingila Kilafaton ya samu masauki da kulawa lokacin zuwansa Sakkwato a 1824. Mijinta malami ne marubuci, shi ne mai littafin Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu, kuma su biyu sun yi aiki tare wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da adana su.

Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai kimanin 60, mafi yawansu waƙoƙi. Tana duban wanda za ta yi wa magana kafin ta zaɓi harshe. In da malamai take, sai ta yi Larabci, kamar baitocin da ta yi na maraba da wani malami baƙo daga Shinƙiɗi, ƙasar Muritaniya ta yau. In da dangi da ɗaliban gida take, sai Fulatanci. In kuwa talakawa take nufi, matan ƙauye da waɗanda ba su daɗe da shiga karatu ba, sai ta yi Hausa mai sauƙi wadda za a rera a haddace.

Kaɗan daga ciki: a 1245 H (1829 M) ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeruwar waƙa, daga baya aka samu ta da Hausa, domin mai farawa ya riƙe jerin surori ba da wahala ba. A 1831 ta mayar da wata waƙar mahaifinta Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga shugabanni da mabiya. Wajen 1836 Sarkin Musulmi Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata, ya nemi ta mayar da shi waƙa, ta yi haka da Fulatanci da Hausa, ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A ciki ta ambaci matan Annabi (S.A.W.) da ɗiyansa, da Rabi'atul Adawiyya, da Nana Nafisa ta Masar, sa'an nan ta ƙara da matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani da idonta, domin mai sauraro ta gane cewa salihanci da ilimi ba su ƙare a Makka da Basra ba. A 1255 H (1839 M) ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'in da suka inganta, har da abin da ya shafi mai ciki da mai naƙuda da yaye da lafiyar yara. A 1258 H (1842 M) ta yi Godaben Gaskiya da Hausa, a kan shika-shikan Musulunci da sakamakon Lahira. Tana da waƙar roƙon ruwa, da yabon Annabi (S.A.W.), da marsiyyoyi masu yawa.

ƳAN TARU DA JAJOJI

Babban aikinta, wanda saboda shi muka kawo tarihinta a nan, ya fara ne wajen ƙarshen zamanin Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1253 H (1837 M). Yaƙe-yaƙe, har zuwa na Gawakuke a 1836, sun bar ƙasa cike da zawarawa da marayu da matan da aka kamo aka zaunar cikin sababbin garuruwa na ribaɗi. Mu a yau jikokin ɓangarorin nan biyu ne, sahu guda muke tsayawa a masallaci, kuma Allah ne Mai hukunci tsakanin waɗanda suka shuɗe. Abin da ya dami Asma'u shi ne dubban mata a ƙauyuka ba su san alwala da salla yadda ya kamata ba, in yaro ya yi zazzaɓi ko haihuwa ta yi gardama babu inda suka sani sai wurin ƴan bori, kuma a gwiwar waɗanga mata ne ɗiyan Musulmi suke tashi. Malamin zaure ba ya shiga cikin gida. Matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta tafi Sakkwato neman ilimi. Ita kuma Asma'u mutum guda ce, ba ta iya zagaya ƙauyuka ɗari.

Dabarar da Allah Ya ba ta ita ce ta horar da waɗanda za su je inda ba ta iya zuwa. A kowane gari ana duba dattijuwa mai hankali da amana, wadda ta wuce shekarun haihuwa, mutane suka yarda da halinta. Ita ake kira jaji, sunan da aka aro daga mai jagorantar ayarin fatake. Bayan an kawar da amfanin gona, hanya ta bushe, sai jaji ta tattara dattijai mata irinta da ƴanmata ƙanana waɗanda ba su isa aure ba, su kama hanya da ƙafa zuwa wurin malama. Waɗanga su ne ƴan taru, wato masu taruwa domin karatu. Suna zuwa da sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu da sawaye, Asma'u kuwa ta rarraba ta ga makafi da guragu da marasa gata. Sai su zauna kwanaki gabanta, ta biya musu waƙa baiti-baiti, ta warware ma'ana, ta ji matsalolin garinsu, ta ba da fatawa ga abin da ya shige musu duhu. In sun koma gida, jaji ta bi gida-gida tana koya wa matan aure abin da ta ɗauko.

Jaji ba ta naɗa kanta. Sai malama ta gamsu da karatunta da halinta, sa'an nan ta ɗora mata malfa ta naɗa mata jan rawani a kai, shi ne iznin koyarwa wanda kowa zai gani. A Gobir an san malfa a kan Inna, shugabar mata kuma uwar ƴan bori. Asma'u ba ta yaƙi alamar da mata suka saba girmamawa ba, ta ɗauke ta ta ɗora a kan mai ilimin addini. Kuma samun malfa bai zama ƙarshen karatu ba: baɗi jaji za ta komo, ta biya abin da ta riƙe a gyara mata, ta ɗauki sabo. Haka shekara bayan shekara har tsufa ya hana tafiya. Lokacin da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, wajen 1858, Asma'u ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, tana yabon juriyarta wajen kawo mata karatu kowace shekara. Ɗiyar Shehu ba ta ga malamar ƙauye ta yi ƙanƙanta da a yi mata waƙar ta'aziyya ba.

Ku dubi hikimar haɗa tsohuwa da yarinya cikin ayari guda. Tsohuwa ita ce kaka da ungozoma, a hannunta jariri yake faɗowa, ita ke goyon wanda aka yaye. Yarinya kuwa ita ce uwar gobe, za ta shiga ɗakin miji da karatunta a ka. Ta waɗanga hannuwa biyu ilimi ya kai ga yaro tun bai san ana koya masa ba: yana jin sunayen surori a bakin mai daka, yana jin siffofin Annabi (S.A.W.) a bakin mai kaɗi, yana ganin yadda ake alwala kafin ya iya magana. Ƴan taru kuma sun ɗauki ayyukan jama'a, kamar jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata bisa sunna, da sharar masallaci, da sulhunta masu husuma, da koya wa yara Fatiha da ƙananan surori.

ABIN DA SAURAN DUNIYA TA GANO

Kula da tarbiyyar ƙananan yara da ladubban mai koyar da su tsohon abu ne a Musulunci. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 H, ya rubuta Adabul Mu'allimina a kan haƙƙoƙin yara a wuyan malaminsu, har da iyakance duka da wajabcin daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Imamu Gazali ya keɓe babi cikin Ihya'u a kan horon yara tun farkon tasowarsu. Ibnu Khaldun cikin Muƙaddima ya bayyana cewa tsanantawa ga yaro tana koya masa ƙarya da kasala da ɓoye abin da ke zuciyarsa. Asma'u a kan wanga gado ta ginu.

A ƙasashen Turai kuwa, a daidai shekarun da jajoji suke kai da komo tsakanin ƙauyuka da Sakkwato, wani Bajamushe mai suna Firidirik Forobel ya buɗe makarantar ƙananan yara, ya raɗa mata suna lambun yara a 1840, yana koyarwa ta hanyar waƙa da wasa da aikin hannu, kuma ya dage a kan horar da mata domin wanga aiki. Bai sha da daɗi ba, domin hukumar Furushiya ta hana irin makarantunsa a 1851, ba a ɗage hanin ba sai 1860, bayan mutuwarsa. Faransa ta shigar da makarantun ƙananan yara cikin tsarin makarantun gwamnati a 1881. A Italiya likita Mariya Montesori ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, bayan shekara biyu ta fara horar da malamai. Forobel bai san Asma'u ba, ita ma ba ta san shi ba, amma sun haɗu a kan abu uku: a fara da wuri, a yi amfani da harshe da waƙar da yaro ke ji, kuma a horar da mai koyarwa. Bambancinsu shi ne shi ya tara yara wuri guda ya kawo musu malama, ita kuwa ta mayar da uwa da kaka malamai cikin gidajensu, kuma manufarta ta fari sanin Allah da gyaran ibada.

A zamaninmu, taron duniya a kan ilimi da aka yi a Jomtiyen ta ƙasar Tailan a 1990 ya amince cewa koyo yana farawa tun daga haihuwa. Taron Dakar na shekara ta 2000 ya sanya kula da ƙananan yara a matsayin manufa ta fari cikin manufofi shida. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sake sanya shi cikin muradun da ake son cimma kafin 2030. Likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan girman ƙwaƙwalwar mutum yana cika cikin shekarunsa biyar zuwa shida na fari. A nan Nijar dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ambaci karatun share fagen shiga lakol, kuma an daɗe da sanin cewa malami yana bukatar horo, shi ya sa aka kafa makarantun horon malamai irin ta Tawa. Duk wanga ƙoƙari yana komawa ga abin da malamarmu ta gani: ba a samun yaro mai tarbiyya sai an gyara hannun da ke riƙe da shi.

RASUWARTA DA ABIN DA TA BARI

Waziri Giɗaɗo ya riga ta rasuwa, ɗanta Waziri Abdulƙadir shi ma ya rasu a 1859 tana raye. Ta ci gaba da karantarwa da rubutu har ƙarshen rayuwarta. Allah Ya karɓi abinSa a shekara ta 1280 H (1864 M), tana da shekara 71 ko kusa da haka, aka rufe ta a Sakkwato kusa da kabarin mahaifinta, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba.

Aikin bai mutu da mutuwarta ba, domin ta bar waɗanda ta horar. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta komo gida bayan rasuwarsa, ita ta karɓi jagorancin ƴan taru, bayanta kuma Tamodi a Wurno. Ƙanenta Isa ya mayar da waƙoƙinta da dama Hausa. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, iyaka ta raba ƙasar Hausa biyu, amma mata ba su daina rera waƙoƙinta ba. Ɗan jikanta Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya adana takardunta, kuma da taimakonsa wata Baturiyar Ingila mai suna Jin Boyid ta fitar da tarihinta da Ingilishi a 1989, sa'an nan ita da wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Bebali Mak, suka buga tarin ayyukanta da fassara a 1997. Yau ana karanta ta a jami'o'in duniya, makarantu masu yawa suna ɗauke da sunanta, har wasu Musulmi mata a birnin Fitsbag na Amurka sun kafa ƙungiya da sunan ƴan taru.

DARASI GARE MU

Ya ku ƴan'uwa, tarihin magabata ba a karanta shi domin alfahari kawai. Na farko, wanda ya cire ɗiyarsa daga madarasa ko lakol ba ta iya karanta Fatiha daidai ba, ko ya aurar da ita bai sharɗanta wa mijin ta ci gaba da karatu ba, ya sani jikokinsa ya cuta, domin ita ce malamarsu ta fari ko ya so ko ya ƙi. Waziri Giɗaɗo bai ragu da kome ba don matarsa tana rubuta littafi.

Na biyu, mu dubi makarantunmu na allo da na islamiyya. Sau da yawa ajin ƙanana shi ake bai wa wanda ya fi kowa ƙarancin ilimi da haƙuri, a miƙa masa bulala a tafi. Kamata ya yi ƙanana su samu wanda ya fi iya furta haruffa, ya fi sanyin hali, domin kuskuren da ya zauna a harshen ɗan shekara biyar yana iya bin sa har limanci. Haka nan tura yaro ƙarami wani gari mai nisa, inda ba uwa ba kaka, yana yawo da ƙoƙo a tasha, bai yi kama da tafarkin Asma'u ba, ita da ta kai ilimi har inda yaro yake kwana.

Na uku, malami ba ya gama karatu. Jaji mai furfura tana tafiyar kwanaki da ƙafa domin a gyara mata baiti guda. Mene ne zai hana malaman unguwa guda, maza a wurinsu mata a wurinsu, su riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata gaban wanda ya fi su sani, a ji tilawar juna, a yi shawara a kan yadda ake fara wa yaro baƙi? Kwamitocin masallatai a Ƙonni da Tsarnawa, da Dogarawa da Galmi, da Badagishiri da Illela, suna iya ɗaukar nauyin wanga zama, su kuma ware wani abu daga abin da jama'a ke bayarwa domin malamai mata masu shiga gidaje, kamar yadda ake ware na tabarma da lasifika. Bayan girbi, lokacin da gero ya shiga rumbu, shi ne lokacin da ƴan taru suke fita, kuma har yau shi ne lokacin da ya fi dacewa a fara.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da malamanta da ɗalibanta, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya saka wa iyayenmu mata da malamanmu na allo da mafificin alheri, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.